Shekarata 24, lamba tara nake bugawa a NLO: in ajiye aikin tayil in tafi kam?

Tara_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai magana ta zo kaina.

Ni ɗan wasan gaba ne, wato lamba tara, a wani kulob na rukunin NLO, mataki na uku a gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, a nan Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce na kawo ƙarar mai kulob. Shekarata 24, ta gaskiya, wadda ke jikin takardar haihuwata. Bayan asuba muke fita tirenin, in an tashi in watsa ruwa in wuce wurin aiki, don aikin tayil nake yi a ƙarƙashin wani maigidana tun ina sakandare. Albashi babu a kulob. Alawus ake ba mu ranar wasa, in an ci a ɗora bonas, in mai kulob ya shiga matsi a ce a yi haƙuri. But ɗin da ke ƙafata da kuɗin tayil na saya, haka bandeji da man zafi.

Kakar da ta wuce ni na fi kowa cin ƙwallo a kulob ɗinmu. Ina da gudu, ina sa kai ba laifi, ƙafar dama kuma alhamdulillahi. Hagu dai sai tafiya take taya ni.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Wani kulob na NNL, rukunin da ke sama da namu, a wata jiha ya kira ni kam ɗin tantance 'yan wasa. Sun ce abinci da wurin kwana nasu ne, amma babu ko sisi sai an yi wa mutum rajista. Na biyu, wani mutum da ya ce shi ejan ne, wato wakilin 'yan wasa, ya ga bidiyona a Facebook, ya ce zai kai ni gwaji gabashin Turai idan na kawo naira miliyan 3 na biza da jirgi. Ya kuma ce 24 ta yi yawa, sai an yi min sabon fasfo an mayar da ni 19. Ba ni da wannan kuɗin, sai dai in sa a sayar da filin da muka gada, ni da ƙannena mata.

Maigidana ya ce in na tafi kam zai sa wani a gurbina, don akwai gidaje a hannu kuma masu su ba sa jira. Hajiyarmu kuma maganarta ɗaya ce, an sa min rana bayan Babbar Sallah, in nutsu. Don Allah waɗanda suka san harkar nan ku faɗa min gaskiya, ko da mai ɗaci ce: a shekara 24 akwai sauran hanya ga ɗan gaba, ko in ci gaba da buga ta unguwa kawai?

Foxes2016:

Haba Tara! Ka tafi kawai. Ka manta Jamie Vardy? Sheffield Wednesday ta kore shi yana ɗan shekara 16, ya koma wani ƙaramin kulob, Stocksbridge Park Steels, ana ba shi fam 30 a mako, yana aiki a masana'anta. Sai da ya kai 25 Leicester ta saye shi a 2012. A 2015 ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere a Firimiya, ya karya tarihin Van Nistelrooy, kuma a ragar Man U ya karya shi, 'yan Man U ku yi haƙuri. 2016 ya ɗaga kofi. Yana da 33 ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 23. Kai da ko 25 ba ka kai ba? Wanda bai fita ba ai ba ya samu. Ajiye tayil ɗin nan.

Baƙon_Sheffield:

Foxes, duk abin da ka lissafa haka yake, amma ka tsallake tsakiyar labarin, kuma tsakiyar ce ta shafi Tara.

Ina zaune a Sheffield, aikin kula da tsofaffi nake yi, kuma ranar Asabar ɗin da ba ni da aiki ƙananan wasannin nan nake zuwa kallo, don tikitin Firimiya ya fi ƙarfin aljihuna. Stocksbridge ɗan gari ne na masu aikin ƙarfe a arewa da mu. Filinsu, Bracken Moor, a kan tudu yake, iska ta ishe ka, kuma rumfar 'yan kallon yanzu sunan Vardy aka sa mata. Lokacin da ya fara buga musu a 2007 suna mataki na takwas ne in ka ƙirga daga Firimiya. Firimiya, Championship, League One, League Two, waɗannan huɗun su ne kulob 92 na ƙwararru. Ƙasa da su National League, sannan a yi ta sauka ana rarrabuwa shiyya-shiyya.

Abu na farko: Vardy bai ajiye aikinsa ya tafi neman sa'a ba. Yana masana'antar da ke ƙera abin tallafe ƙafa da hannu na marasa lafiya, yana buga ƙwallo. A wannan matakin haka kowa yake. Tirenin daren Talata da daren Alhamis ne bayan an tashi daga aiki, wasa ranar Asabar ƙarfe uku. An gina tsarin ne a kan cewa ɗan wasa yana da sana'a. Da Marine, kulob na mataki na takwas, ta haɗu da Tottenham a kofin FA a Janairun 2021, cikin 'yan wasanta har da malamin makaranta da mai aikin kwashe shara. An ci su 5-0, Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. Charlie Austin ma birkila ne kafin Swindon ta ɗauke shi daga Poole Town a 2009, ya zo ya ci ƙwallo 18 a Firimiya da QPR.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni haushi in na tuna gida: a nan ƙwallon da ka ci ba ta ɓata. Ko a mataki na takwas ne, an rubuta wanda ya ci da mintin da ya ci, gobe kowa zai iya dubawa. Shi ya sa hawan Vardy ya tafi daki-daki. FC Halifax Town ta biya fam 15,000 ta ɗauke shi a 2010, ya taya su cin gasarsu. Fleetwood ta ɗauke shi a 2011, ya ci 31 a lig, su ma suka ɗauki kofi suka hau. Sannan Leicester ta ba da fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan da ke ƙasa da League Two. Ka lura, a kowane hawa kulob ne ya biya don ya same shi. Babu inda aka ce Vardy ya kawo kuɗin jirgi.

Kuma ko da ya isa Leicester, kakarsa ta farko ƙwallo 4 ya ci a lig, har ya yi tunanin barin ƙwallon, sai da koci Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare suka tausa shi. Wasansa na farko a Firimiya yana da 27.

Waɗanda nake kallo ranar Asabar, akwai masu cin ƙwallo kamar me, kuma mafi yawansu a nan za su ƙare. Su yi shekara goma sha suna bugawa, su ajiye but, su ci gaba da aikin famfo ko tuƙin mota. Ba wanda yake musu kallon waɗanda suka faɗi. Mu ne muka mayar da abin ko Turai ko asara.

Maganar ejan ɗinka kuwa, ban san gabashin Turai ba, amma na san nan. Bizar ziyara ba ta ba ka damar sa hannu a kulob, ta karatu ma an hana mai ita zama ɗan wasan da ake biya. Na haɗu da yaranmu da aka kawo da irin wannan alkawarin, yanzu wanke-wanke suke a ɓoye, ba ƙwallo, ba takarda, ba fuskar komawa gida.

Tsohon_Koci:

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta, kuma na ji daɗi da ka faɗi shekarunka yadda suke. Bari in fara da mai sauƙin.

Mutumin miliyan 3 ka rabu da shi. Kulob ɗin da yake son ka da gaske takardar gayyata yake aikowa da sunansa da hatiminsa, kuma ba a sayar da filin marayu a kai. Tun 2023 FIFA ta dawo da lasisin ejan, sai mutum ya ci jarrabawa, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta. Ka ce ya ba ka lambar lasisinsa da sunan kulob ɗin da za ka je, ka ga abin da zai ce. Batun fasfo kuma, da can an yi wannan, ba na musu, ni ma na ga waɗanda aka yanke wa shekara biyar suka buga ta 'yan ƙasa da 17. Amma tun 2009 ake sa yara a na'urar MRI a duba ƙashin wuyan hannu, kuma kai yanzu yatsunka suna jikin NIN da BVN, sunanka yana rajistar NLO da shekarar haihuwarka. Ƙarya ɗaya za ta sa ka yi ta gyaran takardu har ka mutu, ban da cewa laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

Wani abu da ejan ɗin ba zai faɗa maka ba: 24 tana da nata amfanin. A dokar FIFA, kulob ɗin da ya ɗauki yaro yana biyan kuɗin raino ga waɗanda suka horar da shi, kuma wannan yana tsayawa ne a shekarar da ɗan wasa ya cika 23. Kai ka wuce nan. Ƙaramin kulob na waje da ba shi da kuɗi, wani lokacin irinku ya fi so, ɗan wasan da ya nuna kuma babu bashi a bayansa.

Yanzu kam ɗin NNL. A nan ne zan saɓa da mai cewa ka zauna, in kuma saɓa da Foxes.

Duk yaron Kano Ahmed Musa yake kallo. To Musa yana da shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, har sai da VVV-Venlo ta Holan ta jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin takardunsa su fita, don doka ta hana a kai yaro ƙasar waje kafin nan. Daga can CSKA Moscow, daga can Leicester a 2016, ya tarar da Vardy ɗin nan naku yana riƙe da gurbi. Wannan hanyar ta wuce ka, kada ka ɓata wa kanka rai da ita. Wanda ya fi kama da kai Junior Lokosa ne. Daga First Bank ta Legas Pillars ta ɗauko shi, ba wanda ya san shi, kuma ba yaro ba ne lokacin. Ya ci 19 a 2018, ya fi kowa a NPFL, babbar gasar Najeriya, farkon 2019 Esperance ta Tunisiya ta saye shi. Kaka ɗaya mai kyau a inda ake gani, ita ce ta yi masa aiki. NLO ba a ganin ta sosai. NNL an fi gani, kuma kulob huɗu ne ke hawa NPFL daga can. Saboda haka in kana son ka san iyakarka, kam ɗin nan shi ne ƙofar, ba jirgi ba.

Amma ka tafi da ido biyu. Kam irin wannan ana tara yara fiye da yadda ake buƙata nesa ba kusa ba, wasu an riga an zaɓe su tun kafin a busa usur, wasu ɗan majalisa ne ya aiko su da takarda. Yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, in kuɗi bai fito daga ma'aikata ba, albashi sai ya yi watanni. Kuɗin sa hannu kuwa na san mutanen da suka yi ritaya suna bin sa. A wajen FIFA babu wani abu wai rabin ƙwararre. Ko dai kana da kwantiragi a rubuce kuma ana biyan ka fiye da abin da kake kashewa, ko kuma kai ɗan sha'awa ne. In suka ce sun ɗauke ka, ka karanta takardar, ka karɓi kwafinka a hannu, kada ka yarda da "za a ba ka daga baya". Dokar ta ce in an riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta musu ka ba su kwana 15, in ba su biya ba kana da ikon tafiya. Wanda ba shi da kwafi ba shi da bakin wannan maganar.

Sai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ka ce kana da gudu, hagu babu. A NLO gudu yana ci da kai, don 'yan baya suna barin fili a bayansu. A NNL za ka tarar da tsofaffin 'yan baya da suka sauko daga NPFL, minti goma ya ishe su su gane ƙafa ɗaya gare ka, su yi ta tura ka hagu har a tashi. Kuma a wasan waje ƙwallo ba za ta zo maka a ƙafa ba. Gola zai dako ta sama, kai kaɗai a gaba, mutum biyu a bayanka, ɗaya gwiwarsa a ƙugunka, rafali yana kallon wani wajen. Abin da koci yake nema a lamba tara a irin wannan ranar shi ne ya tare ta da ƙirji, ya riƙe ta daƙiƙa uku har 'yan tsakiya su iso, ko ya jawo a yi masa keta a samu bugun tazara a huta. Na sha ajiye mai cin ƙwallo a benci in sa wanda ya iya wannan. Su 'yan kallo ba sa ganewa, sai su yi ta zagina.

Tayil kuma durƙuso ne yini guda. Ka sayi abin ɗaurawa a gwiwa na masu aikin, ba tsada gare shi ba.

Maman_Affan:

Ni ban san satar gida ba, ban san bugun tazara ba, amma na auri ɗan ƙwallo, don haka bari in ce wani abu ƙanena.

Maigidana ya buga NNL. Ranar da jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan waje, a motar kulob aka dawo da shi, aka kai shi wajen mai ɗori, alhali ba karaya ba ce. Da aka yi hoto likita ya ce sai tiyata, kulob suka ce a jira a saki kuɗi. Muna jira kaka ta ƙare, aka fitar da sunayen waɗanda za a riƙe, babu nasa. Gadona da 'yan kunnena ne suka yi wannan aikin. Yau lafiya lau yake tafiya, yana tuƙa motar haya, amma da yana da sana'a a hannu irin taka da ba mu sha abin da muka sha ba. Cikin takardar da Koci ya ce ka karɓa, ka duba da idonka wa zai biya asibiti.

Ga hanya kuma. Mu matan 'yan ƙwallo ba ma barci ranar tafiya. Ko Pillars da girmanta 'yan bindiga sun buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja a 2015, suna tafiya wasa Owerri, har Gambo Mohammed yana cikin waɗanda suka ji rauni.

Ban ce kada ka je ba. In ba ka je ba, kana da shekara hamsin kana ba 'ya'yanka labarin kam ɗin da ka ƙi zuwa, na san irinsu, suna cika majalisa. Amma yarinyar da aka sa muku rana, ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, har maganar albashin da ba ya zuwa, kada ta ji a bakin ƙawaye. Maigidanka kuma ba a waya ake wannan maganar ba. Ka ɗauki kawunka ko limamin unguwarku ku je gidansa da daddare, ka nemi izini na ɗan lokaci, ba sallama ba. Mutumin da ya riƙe ka tun kana sakandare ba zai ƙi babba ba. Filin nan kuma akwai haƙƙin ƙannenka a ciki, ko da Real Madrid ce ta kira ka.

Foxes2016:

To ni dai na ce ya tafi, Koci ma ya ce ya tafi, ashe ni ne da gaskiya. Vardy ya bar Leicester a 2025 da ƙwallo 200 a wasa 500, ku rubuta ku ajiye, Tara ma sai mun kalle shi a filin wasa na Sani Abacha.

Tara_Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Affan, Allah ya ƙara wa maigida lafiya, maganarki ta fi shiga jikina.

Ga inda ake. Na tura wa ejan ɗin saƙo na ce ya ba ni lambar lasisi da sunan kulob. Ya ce ni ba mai rabo ba ne, akwai yara da yawa a layi, daga nan bai ƙara amsawa ba. Jiya da daddare muka je gidan maigidana da Kawu. Da farko ya ɗaure fuska, daga baya ya ce ƙanin abokina da nake koya wa aiki ya riƙe min gurbi har a gama tantancewa, in an ɗauke ni kuma in dawo in yi masa sallama da kaina, kada ya ji a rediyo. Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce ranar da aka sa ba za a ɗaga ba.

Baba Koci, saura mako uku a shiga kam. Me zan iya yi wa ƙafar hagun nan a mako uku?

Tsohon_Koci:

A mako uku ba za ta zama ƙafar cin ƙwallo ba, kada ka wahalar da kanka da dukan raga. Ka nemi bango mai kyau, ka tsaya taku biyar, ka buga da cikin ƙafar hagu, ta dawo ka tare da hagu, ka sake. Safe da yamma, har sai ka daina kallon ƙwallon in za ka tare. Abin da nake so kawai, in aka tura ka hagu ka iya ba da ita ga na kusa ba tare da ka juya jikinka gaba ɗaya ba. Sannan ka samu ɗan baya mafi ƙarfi a kulob ɗinku, ka ce ya tsaya a bayanka ya yi ta turinka, wani yana jefo maka ita a ƙirji.

Makon ƙarshe ka rage durƙuso, ka bar wa yaron shimfiɗa, kai ka tsaya a yanka. Ka tafi da but biyu in kana da hali, da gidan sauro, da kuɗin motar dawowa a aljihun da ba ka taɓawa. Ka kuma roƙi sakataren kulob ɗinku ya rubuta maka wasannin da ka ci ƙwallo a kakar da ta wuce, da kwanan wata, ya sa hannu ya buga hatimi. Takardar sakinka ma ka yi maganarta da mai kulob tun yanzu, kada sai an ce an ɗauke ka ya tuna yana da farashi.